Tikitin Araha da Rajistar Hedimasta

Malamin firamare a ƙasar Gobir ba ya bukatar kalanda kafin ya san lokacin da ajinsa zai rame. Ruwan farko na sauka, rabin yara sun bi iyayensu shuka. Kaka ta yi, an tafi yankan gero. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ta kwashe masu talla. In kuwa aka ce ana biki a Tsibiri ko Maraɗi, gida guda ne za su tsallaka iyaka kwansu da kwarkwatarsu, domin Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri 'yan ɗaki ɗaya ne da suka watsu bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, tun kafin Turawa su zo su shata layi a tsakaninsu. Duk wannan malam ya saba da shi. Abin da bai saba da shi ba shi ne sabon uzurin da ya fara shiga rajista: wane ba ya nan, ya tafi a jirgi.

Masu wannan uzuri 'yan kaɗan ne, amma labarinsu ya fi yawansu. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne da ma'aikata da 'yan siyasa na Gatawa da Sabon Birni da Isa, da yawansu ma iyayen sun mayar da iyali cikin Sakkwato. Ba kuma alfahari kaɗai ya kai su filin jirgi ba. Duk wanda ya san abin da ya sami Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda 'yan bindiga suka sace a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato a watan Yuli na 2024, ya kuma rasu a hannunsu a watan Agusta, ba zai yi wa mai gudun hanya dariya ba. Allah Ya jiƙansa. Jirgi ba ya sauka Gatawa, dole sai an bi ta Goronyo da Achida an kai filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III, amma daga nan zuwa Abuja mai hali ya gwammace ya tsallake dajin ta sama.

Sai dai sama tana da tsada. A watan Fabrairu na 2022 kamfanonin jiragen cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000, tun daga nan kuma bai waiwayo ba. Lokacin hutun Disamba da na salla, lokacin da kowa ke son tafiya, kuɗin ke hawa. Kujera mai sauƙi tana tsakiyar mako, tsakiyar zangon karatu, ranar da yara ke aji. Daga nan rigimar ta samo asali.

Na farko a layin awon kaya shi ne Alhaji mai lissafi. Wannan bawan Allah da tsakar dare yake farautar tikiti a waya, ya duba Talata, ya duba Laraba, har ya gano ranar da aka rage 'yan dubbai, ya sayi kujera biyar nan take, ya tashi uwargida daga barci ya yi mata albishir. Lissafinsa daidai ne, sai dai bai cika ba. Bai sa kuɗin makarantar kuɗi da ya riga ya biya na makonni biyun da yaran za su yi ba su nan ba. Bai sa kwanan Sakkwato ba, tunda jirgin na safe ne kuma ba mai hankalin da zai kamo hanya da dare. Bai kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tikitin ba. Tsarin jirgin araha, irin wanda Ryanair da EasyJet suka yi suna da shi a Turai, Green Africa kuma ta fara a Legas a 2021, kujera kaɗai yake sayarwa a tikiti mafi sauƙi. Babbar jaka da kuɗinta, zaɓen wurin zama da kuɗinsa, sauya rana da kuɗinta. Alhaji zai biya su ɗaya bayan ɗaya yana huci, in ya dawo majalisa kuma farashin farko kaɗai zai faɗa.

Bayansa akwai mai rage shekaru. Ya ji cewa jaririn da bai kai shekara biyu ba a cinya yake zama, ɗan abin da ake biya masa ba yawa. Saboda haka ya saɓo yaro a kafaɗa, ƙafafun yaron na dukan gwiwarsa, ya ce wa ma'aikaciya, "Wata ashirin da biyu gare shi." Yaron nan haƙora sun cika baki, yana da allo a makarantar malam, yana da kujera a nazare. Ma'aikaciya ta sunkuyo da murmushi ta tambayi yaron shekarunsa, shi kuwa da aka koya wa gaskiya a gida ya buɗe yatsu ya ce, "Biyat!" Takardar haihuwa fa? An manta ta a gida. A ƙarshe uban zai sayi kujera a kan teburin, a farashin ranar, wanda ya fi na kowa tsada a cikin jirgin.

Hajiya mai kaya ita ce ta fi kowa sanin abin da take yi, kuma ita ya kamata a daɗe a kanta. Sauran suna ɗaukar yara ne duk da makaranta. Ita tana ɗaukarsu ne saboda sikeli. Ta gano cewa kowace kujera tana zuwa da izinin jakar hannu, don haka yaro a wurinta kilo bakwai ne mai tafiya da ƙafarsa. Yara huɗu, kilo ashirin da takwas. A jakar ɗan aji biyu, inda littafin lissafi ke zama, yau daddawa ce da kuka da yaji. A ta yayarsa kilishi da garin kunu. Man shanu yana cikin galan an naɗe shi da zane, sai na'urar bincike ta tona asiri, a yi mata bayanin dokar nan ta mililita 100 ta abu mai ruwa a jakar hannu, ita kuma ta rantse man shanu ba ruwa ba ne, ai ya daskare. Idan babbar jaka ta haura awo, ba ta jayayya. Sai ta ja gefe ta zuge, ta fara sa wa yara kaya: riga kan riga, shadda kan yadi, hula biyu a kai ɗaya. A watan Afrilu ne kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Yaran na tafiya hannuwa a buɗe, gumi na zuba, ita tana bayansu tana cewa, "Ku yi haƙuri, cikin jirgi akwai sanyi."

Goro kuma, in tafiyar ta Saudiyya ce, hukumar alhazai ta NAHCON ta gaji da gargaɗi duk shekara cewa kada a ɗauka. Hajiya ta ji gargaɗin. Shi ya sa take zargin kowa a layin da ɓoye nasa.

A nan ne Bagobiri mai wasa ke shigowa. Ya hangi sunan Yarbawa a ƙirjin ma'aikaciya, sai zuciyarsa ta yi fari, domin tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai taubasantaka tun kaka da kakanni. Ya gyara hula, ya nuna tsagar fuskarsa, ya ce, "Ke baiwata, kilo ukku ɗai na, bari ubangidanki shi wuce." In ya yi sa'a ta tashi a Arewa, sai ta mayar masa da cewa tun yaushe bawa ke hawa jirgi, a yi dariya, sannan ta rubuta masa rasit. In kuwa 'yar Legas ce da ba ta taɓa jin wannan wasa ba, sai an kira wani dattijo ya yi bayani kafin magana ta kai ga shugabanta.

Duk waɗannan sai sun fara bi ta ofishin hedimasta, kuma can ne ake ganin mai kashe kaka. Ba zai ce araha ya gani ba. Zai shigo da fuskar jimami ya ce, "Malam, kakar ɗiyan ga ta rasu, za mu tahi gaisuwa." Hedimasta ya yi ta'aziyya, sannan ya tuna: ba ita ta rasu zangon da ya wuce ba? Waccan ta wajen uwa ce. Ta bara fa? Kishiyarta ce. Da maraice hedimasta zai buɗe WhatsApp ya ga maraya a gefen tagar jirgi, ya ɗaga yatsu biyu, uban ya rubuta godiya ga Allah a ƙasa. Mutumin ya manta lambar malam tana cikin wayarsa.

Mai hujja ba ya ƙarya, wa'azi yake yi. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji shi, kuma abin da yaro zai gani a mako guda ya fi abin da allo zai nuna masa a shekara. In ya yi karatu ma zai kawo Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta littafi mai wannan suna. Abin da yake tsallakewa shi ne Imam ya gama Kwalejin Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kafin ya yi wannan tafiya. Ba a ce mai hujja ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Yaron da ya ga teku a Legas ko ya ga Ka'aba da idonsa ya samu abin da ba a mantawa. Amma yawancin ilimin da ake samu tsakanin Sakkwato da Abuja bayan kujerar gaba ne, sannan barci, kuma ajin bai tsaya jira ba: an bar tarawa an shiga rabawa.

Wannan mutum yana da ɗan'uwa a Ingila. Wani uba mai suna Jon Platt ya kai 'yarsa Disney World a Amurka a 2015 ana tsakiyar karatu, aka ci shi tarar fam 60, ya ƙi biya, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a kansa a 2017. Tun watan Agusta na 2024 tarar can ta koma fam 80 a kan kowane yaro, uwa da nata, uba da nasa, ta ninka in an yi jinkirin biya. Iyayen can da yawa suna sa tarar cikin kuɗin tafiya, su ga har yanzu da riba. A Najeriya ma akwai doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce uban da ya ƙi tura ɗansa makaranta a fara yi masa gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Alhaji mai lissafi zai iya biyan wannan da canjin da ya rage a aljihun jamfarsa.

Mai umara shi ne wanda ba a ja da shi. Wa zai ce wa uba kada ya kai ɗansa Ɗakin Allah saboda gwajin mako na shida? Shi ma dai araha yake bi: goman ƙarshe na azumi ta fi kowane lokaci tsada, don haka yake zaɓen watannin da ba cunkoso, waɗanda sau da yawa sukan faɗo kan karatu. A azumin 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu, nasu iyayen suka huta da neman uzuri. Can Saudiyya kuma jiragen araha irin Flynas da Flyadeal suna jiransa da nasu sikelin. Flynas ɗin ma alhazan Najeriya sun san shi, yana cikin masu jigilarsu. Hedimasta a nan ba ya tambayar ranar dawowa, addu'a yake roƙo. In an dawo, dabino da tasbaha da ɗan ruwan zamzam a gora za su iso ofis, rajista kuma ta nuna tausayi. Shi malam ne kaɗai a wannan labari da tikitin araha ba zai taɓa yi wa amfani ba, don hutunsa kullum yana zuwa daidai da tsada.

Sannan hazo ya zo ya daidaita kowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe sararin Sakkwato da Kano har jirgi ya kasa sauka, tafiyar kwana uku ta zama ta shida. A zauren jira ake rabuwa gida biyu. Akwai mai rigima, wanda ya karanta ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, ya san bayan jinkirin awa biyu ana ba fasinja abin taɓawa, yana buga tebur har a miƙo masa biskit da ruwa, ya karɓa yana hararar kowa. Akwai mai tawakkali, wanda ya shimfiɗa darduma a lungu, ya buɗe kilishin Hajiya da izininta, ya bar yara suna tsere tsakanin kujeru da rigunansu uku-uku.

Na ƙarshe shi ne ɗan dawowa. Ranar Litinin zai shigo aji da takardar da aka liƙa wa jakarsa a filin jirgi, bai yarda an cire ba. Kafin tara da rabi an sa masa suna Matuƙi. Zai ba da labarin gajimare da yadda kunnensa ya toshe, da yadda ya hango motoci ƙanana, da matar da ta nuna yadda ake ɗaura bel ba wanda ya kalle ta. Ba kyauta yake bayarwa ba. Akwai aikin mako biyu da ya wuce shi, don haka duk wanda ya ara masa littafi ya kwafa, shi ke samun cikakken bayanin bayan-gidan jirgi, wanda shi ne abin da 'yan ajin suka fi tambaya.