Nasiha Ga Mai Niyyar Buɗe Shagon Keke

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da aka shelanta janye tallafin man fetur, kekunan da suka shekara da shekaru jingine a zaure, kaji na kwana a kan sirdinsu, suka sami 'yanci, aka kakkaɓe su aka fito da su titi. Kuma da yake ɗan Adam ba ya ganin taro bai lissafa riba ba, samari da yawa a birnin Kano da kewaye sun ƙudurta a ransu cewa babu sana'ar da ta kai buɗe shagon keke albarka a wannan zamani. To, tun da nasiha wajibi ce a tsakanin Musulmi, ya kamata a bayyana musu haƙiƙanin al'amarin tun kafin su sayar da akuyar gyatumarsu.

Amma jari, lamarinsa mai sauƙi ne: inuwar darbejiya ko rumfar kwano, da famfo, da sifana biyu ko uku, da sholisho, da tsohon tib wanda za a riƙa yanka ana faci, da kwanon ruwa da ake tsoma tib a ciki don kumfa ta tona asirin huda, da giris da boris a gwangwanin madara. Wanda Allah ya hore wa sai ya ƙara da kekunan haya. Duk wannan ba shi da illa. Illa tana shigowa ne ranar da mai shago ya sa kafinta ya buga masa benci, da niyyar masu kawo gyara su sami wurin zama, domin kafin mako ya zagayo bencin nan ya zama majalisa, ya sami limaminsa da na'ibi da muftai, waɗanda ba su da keke, ba su taɓa riƙe sifana ba, amma babu notin da za a ɗaure ba su ba da fatawa a kansa ba. Mai kawo gyara kuwa a tsaye zai jira, cikin rana.

Farkon wanda zai yi maka sallama da safe shi ne mai neman iska. Zai ce, "Maigida, ɗan ba ni famfon nan minti ɗaya," ya buga gaba ya buga baya, ya roƙi ɗigon baƙin mai a sarƙa, sa'an nan ya yi maka addu'a mai tsawo ya hau ya tafi. In ka kuskura ka ambaci kuɗi, majalisa za ta tashi gaba ɗaya da hujja cewa iska ta Allah ce, ba a sayar da ita, alhali kuwa tun 1888 da Dunlop ya ɗura ta cikin taya a Belfast mutanensa suke cin abinci da ita, ba wanda ya ce sun yi haramun. Famfon da ya mutu kuwa, babu mufti ɗaya da zai ce nasa ne.

Bayansa sai dattijo mai tsohon Raleigh, wanda ya gada daga mahaifinsa tun zamanin da En'e ke karɓar kuɗin lasin keke, ana lissafi da sule da sisi. Wannan bawan Allah ba zai bari ka taɓa kekensa ba sai ya karanta maka nasabarsa har zuwa birnin Nottingham na ƙasar Ingila, ya nuna maka tambarin kan zalɓe da ke gaba, ya la'anci Phoenix na Sin da Hero na Indiya da duk wanda ya ƙera su, ko da yake in ka duba da idon basira za ka tarar sarƙar ta Sin ce, fedar ta Indiya, birkin kuwa waya ce da tawakkali, babu abin da ya rage na Ingila sai zalɓen. Tib ɗinsa ya sha faci har faci ya rinjayi asali. In ka ce, "Baba, wannan sai sabo," zai dube ka da mamaki ya ce, "Yaro, tib ɗin nan ya girme ka," kuma ba ƙarya ya yi ba. Haka za ka ɓata rabin yini kana neman inda za ka liƙa faci a kan faci, ya biya ka kuɗin huda ɗaya, ya nemi ragi.

Babin haya gajere ne. Yaro ya karɓi keke na awa ɗaya da hantsi, ya dawo bayan sallar isha'i yana turawa, kai ya karkace, ƙararrawa ta yi ɓatan dabo, ya rantse haka ka ba shi. Gobe ubansa ya zo, ba don ya biya ba, sai don ya ji dalilin da ya sa ka ba ɗansa keke marar birki.

Amma babbar musiba, wadda ta rufe shaguna fiye da gobara da ɓarayi, ita ce bashin zumunci. Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma malamai sun yi bayanin hukuncin ciniki da ijara filla-filla a cikin Risala da sauran littattafan fiƙihu, duk da haka, ranar da ka ɗauko littafi za ka rubuta sunan kawunka da kuɗin taya, sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Ashe har mun kai ga haka, ɗana? Ni da na yanka ragon sunanka?" Daga nan magana ta isa cikin gida, gyatuma ta aiko a kira ka, ka wayi gari kai ne mai ba da haƙuri, da goro a hannu. Abokin ƙuruciya ya ce sai ƙarshen wata, bai faɗi wane wata ba. Maƙwabci kuma ya kawo keke gyara ya bar maka shi shekara uku, ruwa da rana suna dukansa, amma ranar da ka cire masa feda ka sa wa wani, a ranar zai bayyana da shaidu biyu adilai yana neman amanarsa.

Adalci kuwa ya wajabta a faɗi cewa shi ma mai shagon ba waliyyi ba ne. Shi ne mai cewa "gobe in sha Allahu" alhali bai ko kwance tayar ba. Shi ne mai kwashe boris daga keken Zaidu ya zuba wa na Amru, ya karɓi kuɗin sabo a wurin kowannensu. Kuma shi kansa akwai dilan kayan keke a Sabon Gari wanda in ya hango shi daga nesa sai ya tuna yana da uzuri a wani layi. Ta haka bashi ke zagaya gari, kowa na bin wani, ana gaisawa da fara'a, kuɗi kaɗai ne ba a gani.

Saboda haka, ya kai mai niyya, in har ka nace, to buɗe shagonka a unguwar da ba a san asalinka ba, kada ka buga benci, ka ɗaure famfo da sarƙa. Kuma in wata rana baƙo ya zo, ka faɗi kuɗin gyara ya zaro ya biya nan take, bai nemi ragi ba, bai ce sai gobe ba, to ka danne zuciyarka, kada ka bi shawarar majalisa ka aika a kira 'yan sanda bisa zaton keken na sata ne.