Turanci Mai Ranar Lalacewa

Wata 'yar maƙwabcinmu a Kasalgu, nas ce, tana son tafiya Ingila aiki. Tana jin Dagbanci da Hausa da Asantanci, kuma tun daga firamare har kwaleji da Turanci aka koyar da ita, don shi ne harshen gwamnatin Gana. Duk da haka aka ce sai ta zauna jarrabawar Turanci ta IELTS: sauraro, karatu, rubutu, magana. Makin ƙoli 9 ne, hukumar nas-nas ta can tana neman 7, a rubutu ta yi rangwame zuwa 6.5.

Abin da ya ɗaure wa kakarta kai shi ne takardar sakamakon jarrabawar shekara biyu kacal take yi.

"Jikalle, Turancin nan koko ne da zai yi tsami? Ni Dagbancina ya haura shekara tamanin, ko gishiri ban taɓa ƙara masa ba."

Sai tsohuwa ta gyara ɗaurin kallabi. "Da Bature ya zo ya mai da Tamale hedkwatarsa a 1907, wa ya jarraba shi? Da an yi, ko gaisuwar safe ba zai ci ba."