Ɗabaƙoƙin Masu Sauraron Gogen Turawa a Abuja

Tun da aka mai da mazaunin gwamnati Abuja a 1991, jakadun duniya da manyan ma'aikata suka cika Maitama da Asokoro, sai kiɗan fadojin Turai ya sami masauki, har ƙungiyar AMEMUSO ta shahara da shirya taron kiɗa na Operabuja. Kuma duk ranar da aka ce a zo da iyali a ji goge da piyano, yara su yi zane da tsalle-tsalle, mai basira zai ga bayin Allah sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farko shi ne Alhaji mai liƙi, wanda ya tashi da kalangun Shata a kunnensa, ya cika aljihu da sababbin kuɗi, ya zauna a sahun gaba yana jiran a ambaci kakanninsa. Da aka shafe rabin sa'a ana goga tsirkiya ba wanda ya ce uffan, sai ya yanke hukunci cewa makaɗan nan ba su san mutane ba.

Na biyu shi ne mai gaggawar tafi, wanda bai san cewa shirun da ke tsakanin babi da babi yana cikin kiɗan ba, ya ɓarke da tafi shi kaɗai, sa'an nan ya waiga yana hararar jama'a saboda rowarsu.

Na uku uba ne mai hujja, wanda ya ji labarin Mozart, haifaffen 1756, ya soma tsara kiɗa yana ɗan shekara biyar; tun daga nan ɗansa bai sake shan askirim cikin salama ba, alhali kuwa shi uban ko fito bai iya ba.

Akwai kuma malam mai wara'i, wanda ya rantse rakiyar jikoki kurum ya yi, yana bayyana wa maƙwabcinsa saɓanin malamai a kan mas'alar kayan kiɗa, babban yatsansa kuwa yana bin sautin a ƙarƙashin riga.

Hajiya mai waya ba ta ga kome ba sai ta gilashi, kuma za ta saurara in ta koma gida, in Allah ya kawo wuta.

Amma yaran da aka fake da su, waɗanda aka yi ta yi wa huɗubar ladabi tun daga mota, su kaɗai ne suka yi adalci: mai daɗi suka taka, marar daɗi suka yi barci, ba riya ba kunya. Saboda haka shawarata ga masu shirya taro ita ce, baɗi a keɓe wa iyaye rumfar zane, a bar yara su ji kiɗa.