Yawon Daji da Guzurin Singa

Masu yawon ƙafa a ƙungiyance, wato masu barin katifa da fanka su je su kwana a daji da gangan, sai sun biya ta Kasuwar Singa, tsakanin Fagge da Sabon Gari, kafin su nufi Tiga ko dajin Falgore. Nan ake haɗa guzuri: Indomie, kifin gwangwani, madara, sukari, da maganin sauro, wanda shi ne ainihin jagoran tafiyar.

Sai dai Singa kasuwar sari ce. Mai neman madara gwangwani biyu, katan za a nuna masa. Mai neman sukarin shayin dare ɗaya, buhu mai kilo 50 za a jawo masa. Kafin a gama ciniki, guzurin kwana ɗaya ya isa buɗe kanti a ƙauye.

Daga nan sai a kira ɗan dako, wanda tun asuba yake taka sayyada da kaya a ka, wani lokacin ma ya kwana a bakin shago ba tanti. Shi zai kai musu kayan bakin mota. Su kuɗi suke biya don su sha wahala, shi kuwa ba ya ɗaga ƙafa sai an yi jinga.