Alƙalin Dara Da Mudunsa Biyu

Duk mai buga dara a intanet yana da aƙidu uku da ba ya wasa da su. Ta farko, in ya ci, basira ce da ya gada kaka da kakanni. Ta biyu, in an cinye shi, wancan ɗan coge ne, inji yake tambaya. Ta uku ba ta fitowa sai ranar da aka rufe masa akawun: "Wallahi ƙanena ne ya ɗauki wayar." Kaf duniya babu wanda ya kai wannan ƙanen iya dara, amma har yau ba a taɓa ganinsa a wata gasa ba.

A da, coge sana'a ce mai wahala. Sai ka jira abokin karawarka ya waiga amsa sallama, ka zame ɗa guda da ɗan yatsa, ga 'yan kallo goma a kanka, kowannensu alƙali ne da ba a naɗa ba. Yau kuwa wahala ta ƙare, musamman a darar ces. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov, inji ya yi wa ɗan Adam fintinkau. Manhajar Stockfish kyauta ake sauke ta, kuma ko a ƙaramar waya tana iya lallasa zakaran duniya. Mutum na kwance da singileti, waya ɗaya a dama yana wasa, ɗaya a hagu tana raɗa masa amsa, in ya ci ya buga ƙirji ya ce wa matarsa, "Kin ga aikin ƙwaƙwalwa ko?"

Dandalin wasa irin su Chess.com da Lichess sun ɗauki 'yan sandan ciki, rabinsu mutane rabinsu lissafi. Suna auna takunka da na inji. Suna duba lokacin da kake ɗauka: mutumin kirki yakan yi saurin taku mai sauƙi, ya daɗe a kan mai wuya, shi kuwa ɗan coge daƙiƙa bakwai yake yi a kan kowanne, domin sai ya je ya gaida malaminsa ya dawo. Suna kuma lura da mai yawan leƙa wani shafin ana tsakiyar wasa. Da haka ake rufe dubban akawun kowane wata. Har nan babu mai gardama. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an kama mutum, domin a nan ne alƙali yake fito da mudu biyu, na awon manya daban, na awon 'ya'yan talakawa daban.

A watan Yunin 2021 aka shirya wasan tara kuɗin agajin korona a Indiya, inda Viswanathan Anand, wanda ya riƙe kambun duniya sau biyar, ya kara da wasu fitattun mutane a lokaci guda. Cikinsu akwai hamshaƙin attajiri Nikhil Kamath. Bawan Allah ya fara da zubar da soja tun a takun farko, kamar yadda ɗan koyo ke yi. Daga nan sai wahayi ya sauko masa, ya riƙa taku irin na aljanu har Anand ya sallama. Aka rufe akawun ɗin Kamath, ya fito ya amsa cewa mutane da kwamfuta sun taimaka masa, ya ba da haƙuri. Ba a jima ba aka buɗe masa, aka ce ai wasan ba na maki ba ne, kuma Anand ya ce a bar maganar. Allah Ya ba mu arzikin da za mu yi coge a wasan sadaka a kira shi raha.

Su ma gwanayen da ke da babbar lamba, a wancan lokacin akwai tasu ƙofar ta baya. In an kama ɗayansu, sai a yi masa wasiƙa cikin ladabi, ya amsa laifinsa a rubuce, a ba shi sabon akawun, a rufa asiri kamar cikin shege a gidan sarauta. Rahoton da Chess.com ya fitar a 2022 ya ce an kama gwanaye da dama, har da huɗu daga cikin ɗari na farko a duniya, amma sunayensu a shafe. Kai kuwa da ba ka da lamba, da safe za ka tashi ka tarar an manna maka tambarin keta doka a goshin akawun, duk wanda ka taɓa cinyewa ya zo ya yi Allah-ya-ƙara. In ka ce a nuna maka hujja, a ce ba za a tona dabarar kama ɓarayi ba. Hujjar tana nan, ka yarda kawai.

Rahoton nan mai shafi 72 saboda yaro ɗaya aka rubuta shi. A watan Satumban 2022, Hans Niemann ɗan Amurka, mai shekara 19, ya doke zakaran duniya Magnus Carlsen ido da ido a gasar Sinquefield da ke St. Louis. Washegari Carlsen ya tattara ya fice daga gasar, bai ce uffan ba, sai bidiyon kocin ƙwallo José Mourinho da ya saka yana cewa in ya yi magana zai shiga uku. Duniya ta ɗauka cewa zargin coge yake yi. Niemann ya ce ya taɓa coge a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16, amma ba a wannan wasan ba, in ana so ma zai buga tsirara. Rahoton ya ce mai yiwuwa cogen nasa na intanet ya haura wasa ɗari, sai dai bai samo hujjar ya yi wa Carlsen ba. Abin tambaya: dandalin ya san tsohon laifin tun 2020, ya yafe a ɓoye, me ya sa bai tuna da shi ba sai ranar da yaron ya kayar da zakara? Kuma a daidai lokacin dandalin yana cinikin sayen kamfanin Carlsen a kan sama da dala miliyan 80. Wataƙila dai sa'a ce aka ci karo. Niemann ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a Agustan 2023, aka mayar masa da akawun ɗinsa da aka rufe. Daga baya hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda ficewa ba dalili.

Mu 'yan kallo ma ba a bar mu a baya ba, domin mudunmu ƙabilanci ne. A watan Maris na 2021 aka rufe akawun wani dattijo ɗan Indonesiya mai laƙabin Dewa Kipas bayan ya doke wani fitaccen Ba'amurke. 'Yan ƙasarsa suka yi ca, zagi ta ko'ina, wai an zalunci nasu don ya kunyata Bature. Sai aka shirya masa wasa a fili da gwanarsu Irene Sukandar, mutum sama da miliyan na kallo kai tsaye. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: uku ba ko ɗaya ta yi masa. Duk da haka ya tafi gida da rupiah miliyan 100 na ladan shan kaye. Ina ma a ce haka ake biyan kowa, da wasunmu sun gina bene.

Sai kuma masu farautar 'yan coge na sa-kai. Vladimir Kramnik, tsohon zakaran duniya, shi ne wanda a 2006 aka zarga da yawan shiga banɗaki ana tsakiyar gasa da Veselin Topalov a Elista. Ya san zafin ƙazafi, amma da ya yi ritaya sai ya ɗauki kalkuleta ya shiga jefa shakku a kan mutane, har da Hikaru Nakamura. A 2024 aka dakatar da shi daga gasannin kuɗi na Chess.com saboda ya yi wasa da akawun ɗin wani. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Kada 'yan lido su yi dariya. Ku ne in wani ya jefa shida sau uku ku ce ya yi kutse, in ku kuka jefa ku ce addu'ar iyaye ce. Ku ne in an kusa cinye ku sai data ta ƙare, ko a ɗauke wuta a wayar da ke da cikakken caji.

Gyaran ba ya buƙatar farfesa. A rubuta hukunci ɗaya a manna inda kowa zai gani. In asiri za a rufa, a rufa na kowa; in tonawa za a yi, a fara da masu lamba. Wanda aka rufe wa akawun a ba shi inda zai ɗaukaka ƙara gaban wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba. Wanda ya yi zargi a bainar jama'a ba hujja, shi ma a auna masa da mudun. Kai kuma mai karatu, in an cinye ka yau da dare, kafin ka danna maɓallin kai ƙara, sake duba wasan. Sau da yawa babu wani inji a ciki, kai ne ba ka iya ba.