Gwamnati Ta Ce A Yi Wasan Jifa

To jama'a, kowa ya gyara zama, yau Amurka za mu je. Kada wanda ya tambaye ni biza, a kan tabarmarku za ku je ku dawo. Can ƙuryar yamma, bakin tekun Fasifik, akwai wata jiha da ake kira Oregon. A Salem, babban birninta, aka buɗe makarantar makafi ta gwamnati a 1873, wato shekara talatin cif kafin Turawa su ci Kano. Shekara 136 bayan buɗe ta, ƙarshenta ya zo. A 2009 majalisar jihar ta zartar da doka, gwamna Ted Kulongoski ya sa hannu, aka garƙame ƙofa. Aka ce kowane yaro ya koma makarantar garinsu, aka kuma buɗe wani asusu na musamman don karatun makafi da masu raunin gani a duk faɗin jihar.

Ina kallonku fa. Tun ban rufe baki ba kun rabu gida biyu. Ga Hajiya can ta dafe ƙirji tana salati, tana cewa wane marar imani ne zai rufe wa makaho makaranta. Ga kuma Alhaji, mutumin Kano, ya riga ya zaro biro yana lissafi a tafin hannu yana murmushi. Ni Bazazzagi ne, Alhaji, ka san ba zan bar ka ka tashi lafiya ba. Amma bari in fara da Hajiya, ladabi ya ce a fara da uwa.

Hajiya, Allah ya ba ki ladan tausayi, sai dai ki share hawayen mu yi ƙidaya. Lokacin da aka rufe makarantar nan ɗalibanta wajen talatin ne kawai, alhali yaran jihar masu larurar gani ɗaruruwa ne, kuma tuni suna karatu a garuruwansu. Ba korarsu aka yi daga Salem ba. Tun 1975 Amurka ta yi dokar tarayya da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa kyauta, a kuma koyar da su tare da sauran yara gwargwadon abin da zai yiwu. Dokar ta ce a rubuta wa kowane yaro nasa tsarin karatu, da iyayensa a wurin zaman. Da iyaye suka ga ƙofar kusa ta buɗe, sai suka rage aika 'ya'yansu ta nesa. Haka ɗakunan kwana suka yi ta yin fili a jihohi da dama. Makarantar makafi ta Mishigan da ke Lansing, wadda mawaƙi Stevie Wonder ya yi, ta tashi daga harabarta a tsakiyar shekarun 1990. Ta Ayowa ta daina kwanan ɗalibai a 2011.

Kuma Hajiya, ki san faɗin ƙasar da muke magana a kai. A gabashin Oregon akwai gunduma guda, Harney, wadda ta fi jihar Kano girman ƙasa. Kanawa ku yi haƙuri, ba ni na auna ba. Mutanenta kuwa ba su kai dubu takwas ba, ko hantsin Kantin Kwari ba za su cika ba. Daga Burns, hedikwatarta, zuwa Salem tafiyar kusan awa biyar ce a mota, sai an tsallaka duwatsu. To ki ɗauka jikanki ne ɗan shekara bakwai, ba ya gani, aka ce ki ɗaure masa akwati ki sa shi a mota ya tafi can ya kwana cikin baƙi. Ke da ko autarki aka kai makarantar kwana ta bayan gari sai kin bi ta da ƙanzo da yaji duk Asabar? Na san amsarki, ba sai kin faɗa ba.

Yauwa, Alhaji, na ga ka gyara hula kana cewa ai ka faɗa: a tara gini da masu gadi da masu dafa abinci da ma'aikatan dare saboda yara talatin, wannan ai kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. A raba kuɗin kowa ya samu. Lissafinka bai ɓaci ba, ranka ya daɗe, sai dai ka ƙirga buhu ba ka kwance bakinsa ba. Matso in nuna maka abin da ke ciki.

Ka taɓa ganin yadda ake rubutun makafi da hannu? Wani ɗan allo ne mai baki biyu kamar marfin littafi, na ƙarfe ko na roba, sai a cusa takarda mai kauri a tsakiya a danne. Fuskar sama tana da ƙananan tagogi jere, a ƙarƙashin kowace taga akwai ramuka shida, uku a dama uku a hagu. Yaro zai riƙe wani ɗan tsinke mai kama da basillar dukawa, ya rinƙa danna takardar cikin ramukan, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Daga dama yake farawa ya yi hagu, kamar mai rubutun allo, kuma kowane harafi a juye yake huda shi, domin in ya gama sai ya birkice takardar, ɗigogin su taso, sannan ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Da waɗannan ɗigo shida, waɗanda Louis Braille ya tsara a Faransa yana yaro ɗan shekara goma sha biyar, ake fitar da siffa 63. Lissafi kuma da nasa tsarin daban a Amurka, wanda wani makaho masanin lissafi, Abraham Nemeth, ya ƙirƙiro. Littafin lissafi guda da ɗan aji yake jefawa a jaka, in aka mayar da shi rubutun makafi sai ya zama juzu'i barkatai da za su cika kanta, kuma sai an yi odarsa tun watanni kafin a koma hutu. Yanzu gaya mini, Alhaji, malamin aji na makarantar unguwa da ke fama da yara ashirin da biyar masu ido, a ina ya koyi wannan?

Ga kuma sanda. Kai kana ganin sanda ce kawai, a miƙa wa mutum ya kama hanya. Ina! Doguwar farar sandar nan darasi ce mai zaman kanta, an inganta dabarar riƙonta ne a asibitin sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda sojojin da suka dawo ba ido. Ana riƙe ta a tsakiyar jiki, ana kaɗa ta dama da hagu daidai faɗin kafaɗa. In ƙafar dama ta yi gaba, bakin sanda yana hagu yana duba inda ƙafar hagu za ta sauka. Malami zai tsaya da yaro a bakin titi, ya ce masa saurara, motocin nan gabanka suke giftawa ko gefenka suke bi? Sai an yi ta maimaitawa wata da watanni kafin a sake shi ya tsallaka shi kaɗai, ba ɗan jagora. Haka zuba shayi mai zafi a kofi ba tare da ya malala ba. Haka kuɗi, wanda na san nan ne za ka buɗe kunne: takardun dala duk girmansu ɗaya, don haka ake koya wa yaro ya ninke ta biyar daban, ta goma daban, ta ashirin daban. A makarantar kwana duk wannan yana cikin zaman yau da kullum, daga tashi barci har kwanciya.

In an rufe makarantar, wa zai yi wannan aiki? Malami ne mai yawo. Ya loda na'urar buga rubutun makafi da takardu a bayan mota, ya yi awa guda da yaro a wannan gari, ya ja mota zuwa wancan. A ƙasa irin Harney, hanya ma sai ta cinye rabin yininsa. Masu wannan ƙwarewa kuwa sun yi ƙaranci a Amurka, an daɗe ana kuka da haka. Ka ƙara da cewa yaran da suka rage a irin waɗannan makarantu galibi ba makanta kaɗai ke damunsu ba, wani ga rashin ji, wani ga larurar ƙwaƙwalwa, shi ya sa kuɗin kowane kai yake da nauyi. Ka mayar da shi gida, larurar ba ta ragu da sisin kwabo ba, ta dai sauya mai biya ne. Akwai kuma abin da biro ba ya kamawa. Yaron da shi kaɗai ne makaho a makaranta mai ɗalibi ɗari biyar, wa zai yi wa tsiya ya rama? A Salem kowa da sandarsa, ba wanda yake abin kallo. Don haka iyaye da tsofaffin ɗalibai suka yi ta adawa da rufewar, kuma ba hauka suke yi ba.

Kun san abin da Hausawa suka ce, in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. To wannan karon gwamnati ce ta ce a yi wasan, sai mu leƙa ƙarƙashin ƙafarta. Shekarar 2009 ita ce tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta girgiza Amurka, jihohi na ta neman inda za su datse kasafi. Shekara na zagayowa aka sayar wa asibitin Salem filin makarantar. Ban ce mugunta ce ba, cikin masu goyon bayan dokar akwai waɗanda da zuciya ɗaya suke son yaro ya tashi a gaban iyayensa. Amma dai an ga dutsen. Kuma masu tsoron alkawarin gwamnati suna da hujja a hannu. A dokar nan ta 1975 majalisar tarayya ta ɗaukar wa kanta biyan har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin abin da ake kashe wa ɗalibi, don tallafa wa karatun masu naƙasa. Har yau ba ta taɓa cikawa ba, a yawancin shekaru ko rabin haka ba ta kaiwa. Gini dai in za a taɓa shi sai gari ya ji, ga hoto a jarida, ga iyaye a ƙofar majalisa. Layi ɗaya a cikin kasafin kuɗi kuwa ana iya tsuke shi da daddare, safiya ta waye ba wanda ya ji motsi, sai yaron da malaminsa ya koma zuwa sau ɗaya a mako.

Hajiya, kada ki yi guɗa tukuna, ban dawo gidanki ba. Na ce ne kowannenku ya kama ƙafa ɗaya ta akuyar yana rantsuwa shi ke da ita duka. Ku dubi maƙwabciyar Oregon, jihar Washinton. Makarantarta ta makafi tana Vancouver, tsallaken kogin Kolumbiya daga Portland, tana nan a buɗe, kuma tana tura malamai zuwa makarantun garuruwa. Kogi ɗaya ya raba su, kowa da hanyar da ya bi.

Sai kai Malam na can baya, da tun ɗazu kake taɓe baki kana cewa mu ina ruwanmu da Turawa da makafinsu, ai Malam Aliyu Namangi bai shiga wata makarantar makafi ba, ga shi ya bar mana Imfiraji. Madalla da ka ambaci mutumin garinmu. Amma shi ya yi karatu ne a zauren da kunne da hadda suke sarauta, kuma Allah ya ba shi baiwar da ba kowa ake ba ba. Taswira da jadawalin lissafi da takardar jarrabawa ba a biya su da ka. Mu ma muna da irin wannan tambaya a gabanmu. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ga ta Tudun Maliki a Kano mai ɗaukar masu buƙata ta musamman, ga dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a 2019. Ba wuya wata rana ka ji wani mai babbar riga ya hau mumbari ya ce zamani ya zo, za a haɗe kowa a aji ɗaya. Ranar nan kada ka tafa, kada kuma ka yi jifa. Ka ɗaga hannu ka tambaye shi malaman rubutun makafi nawa ya ɗauka, awa nawa kowane yaro zai samu a mako, wa zai biya man babur ɗin malamin, littafin kuma zai riga jarrabawa isowa ko sai bayanta. In ya fara gyaran murya yana duba agogo, ka san an saki reshe an kama ganye. Yaron zai zauna a bencin baya shekara shida yana sauraren ƙarar alli, a rubuta a rahoto cewa an haɗa shi da 'yan'uwansa.

To, shayi ya huce, a sallami mai shayi. Alhaji, kai za ka biya, tunda kai ne mai lissafi, amma da sharaɗi. Rufe idonka, ka sa hannu a aljihu ka zaro mana ɗari biyu. A'a, ban da leƙe! Ka ga ka tsaya kana shafawa, kana tsoron kada dubu ta fito, don ita da ɗari biyun tsawonsu ɗaya. Ashe abin sai an koya. Mai koyarwar kuwa albashi yake ci, ko a Salem yake kwana ko a mota yake yini. Buɗe idon ka biya, Hajiya ta ce a ƙara mata madara.