Sakatare ya aika wa kowa

Ni mutum ne mai kaffa-kaffa da sirrina. A wurin mai POS ma sai na kare lambobin katina da tafin hannu. Amma da ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta fito da tsarin sayen filaye ta hanyar adashi, sakatarenmu ya ce kowa ya cike fom ya turo masa ta imel, ban yi gardama ba. Ajinmu ɗaya da shi, kwanonmu ɗaya a makarantar kwana.

Fom ɗin kuwa bai bar komai ba: cikakken suna, ranar haihuwa, lambobi 11 na NIN, wasu 11 na BVN, albashi, da magajin da za a ba fili idan ta Allah ta kasance. Na cike tsaf, na tura.

Ranar wata Juma'a da dare Sakatare ya tashi aika wa shugaban ƙungiya jadawalin da ya tattara bayananmu, sai ya danna sunan rukuni gaba ɗaya. Gmail yana ba mutum damar janye saƙo, amma iyakarta daƙiƙa 30, wanda bai taɓa saitin ba kuma daƙiƙa 5 kacal gare shi. Sakatare sai bayan sallar asuba ya farga.

Wanda ya fara kira tsohon monitan ajinmu ne. "Malam, barka da ƙuruciya! Ashe 1984 aka haife ka? Ka ga ikon Allah, muna aji ɗaya a sakandare kana ɗan shekara 5!" Na ce masa shekarun aiki daban, na haihuwa daban, kuma ya duba layinsa ya gani ko nasa na Allah da Annabi ne. Ya kashe waya. Wani da na daɗe ina ce masa albashi ba ya kai ni tsakiyar wata ya turo saƙo a taƙaice: "Na ga alheri. Bashina fa?"

Duk wannan wasan yara ne. Yayan amaryata ɗan ƙungiyarmu ne, kuma a gurbin magaji sunan uwargida na rubuta. Kafin azahar labari ya riga ni isa gida. Ranar girkin amarya ce, aka ajiye mini tuwo ba miya.

Na sami Sakatare a shagonsa, na karanto masa cewa tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, har da hukumar da ake kai ƙara. Ya saurare ni da ladabi, ya miƙo mini goro. "Haba ɗan'uwa, ai duk gida ne. Wa zai cuce ka a cikinmu?" Muna tsaye wani ya kira ni wai daga banki, ya faɗi sunana da ranar haihuwata ta aiki daidai, ya ce in karanto masa lambar da aka turo mini yanzu. Na miƙa wa Sakatare wayar, na ce ga ɗan gida nan, su gaisa.

Don a zauna lafiya na ce ya cire sunan uwargida ya sa na Hajiya mahaifiyata, kowa ya huta. Ya ce an gama. Ya gyara kuwa, sannan ya sake aika wa rukuni gaba ɗaya da taken "Gyara a layin Malam", don kada a ce ya yi wani abu a ɓoye.

Ƙanin uwargida ma ɗan ƙungiyarmu ne.